Takalmin da Na Yar a Saharar Qatar

Tun da na dawo tambayarku ɗaya ce: "Zuwaira, kin shiga filin ƙwallon? Kin ga 'yan wasan ido da ido?" Na gaji da ba ku amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta. Ban ga wasa ko ɗaya ba. Abin da na gani na gasar cin kofin duniya shi ne tawul, da zanen gado, da ɗakunan da baƙi suka bari kamar an yi dambe a ciki. In labarin Qatar kuke so, ina da guda, amma na sahara ne, kuma ban fito a cikinsa da kwalliya ba.

Sai na fara da abin da wasunku suka sani, wasu kuma suka ji a bakin mutane. Shekarar da muka gama sakandare, ni da Yaya Sani muna dawowa daga Funtuwa a motar haya aka tare mu. Ba zan faɗi duka ba. Mutane ne sun naɗe fuska da rawani, ido kawai ake gani. Abin da suka fara yi shi ne soke tayoyin motar, don kada direba ya yi tunanin ja. Ni ba ƙarar bindiga ce ta zauna mini a kunne ba. Hucin nan ne na iska tana fita daga taya, motar tana durƙusawa da mu a hankali. Yaya Sani ya tura ni ta ɗaya ƙofar ya ce, "Gudu, kada ki waiwaya." Na faɗa gonar dawa na yi ta gudu. Shi suka tafi da shi, sai bayan damina ya dawo yana jan ƙafa.

Da aikin shara da gyaran ɗaki ya samu a wani otal a Doha, ban yi shawara da kowa ba sai Inna. Hanyar Kano kuwa kaina a cinyarta na yi ta, idona a rufe har filin jirgi. A raina na ce ni da hanyar nan har abada.

Ban daɗe da sauka ba korona ta rufe gari. Aka tsare mu a masaukin ma'aikata can wajen Sanaiya, unguwar gareji da rumbunan kaya, kowa da takunkumi a fuska. Ku tuna wace ce ni, ku tuna gari guda an rufe fuska sai ido. Ciwon ma ya kama ni, aka kai ni wurin killacewa. Ina kwance ina kiran Inna cikin zazzaɓi, sai na ji wata cikin farin kaya kamar na 'yan sama jannati ta ce, "Sannu 'yata. 'Yar ina ce ke?" Anti Rifkatu ke nan, nas, mutuniyar Kafanchan, ta yi shekara da shekaru a Doha har Larabci ya zauna mata a baki. Daga ranar ta zama uwata a can. Ranar hutunta takan tuƙa tuwo ta kira ni, ta yi addu'arta in yi bisimillata mu sa hannu a kwano ɗaya.

Ta biyu da na samu a can ita ce Hajara, 'yar zangon Kumasi, abokiyar aikina a otal ɗin da ke Lusail, can gefen Doha. Hausarta daban, aboki ko ƙawa "Chale" take ce masa, bakinta kuma ba ya hutawa. Lokacin gasar, duk sanda aka harba wutar wasa sama, ni sai in shige ɗakin ajiye tawul in toshe kunne. Ita ke zuwa ta same ni. Ba ta taɓa tambayata dalili ba. Sai ta zauna a kan kwandon wanki ta ce, "Chale, matsa mini, ni ma na gaji da Turawan nan."

Gasa ta ƙare, baƙi suka watse, kwantiraginmu ma ya zo ƙarshe. Inna kullum a waya: "Yaushe za ki dawo? Idona ya fara rauni, ina so in gan ki da shi." Ni kuma ina ta neman wani kafil, wato mai ɗaukar nauyin zamanka, ko da aikin wanke banɗaki ne, don dai kada in bi hanyar can. Tun zuwana ban taɓa shiga motar da ta bar gari ba.

Anti Rifkatu ce ta kawo zancen sahara. Ta ce, "Kin yi shekaru a ƙasar mutane, daga masauki sai otal. Me za ki gaya wa Inna kin gani? Tawul?"

Na ce, "Anti, daji ne fa."

"Wane daji? Ko bishiyar da akuya za ta raɓa babu. Yashi ne kawai da Larabawan ƙauye masu raƙuma. Kwana ɗaya. Khalas, na gama magana."

Ta san ina tsoron ƙara, ta san an taɓa tare mu. Zancen taya ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

A Asian Town muka haɗu da safe, gaban shagunan da muke sayen kayan miya. Jif biyu farare. Ta gaba ta kwashi wasu 'yan Filifin, tamu kuma wani dattijo ne ke ja, Abu Salim, Badawi, wato cikin Larabawan da kakanninsu suka rayu da yawo a sahara. Siriri ne, gemunsa fari, ga farar jallabiya da jan ƙyalle a ka. Da ka cire masa ƙyallen ka sa masa malafa, ka rantse wani Bafulatanin rugar bayan garinmu ne. Ya gaishe mu ba tare da ya ɗaga ido ya kalle mu ba, ya ce, "Yalla," wato mu tafi.

Hanyar kudu shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami, ba shinge, ba mai tsayar da kai. Duk da haka na riƙe hannun Anti har ta ce zan karya mata yatsa. Muka tsaya aka sayi karak, shayin madara mai kauri da kowa ke sha a can, a ɗan kofin takarda. Hajara ta ce wannan ai ba shayi ba ne, samfur ne, mai shayin Kumasi da ya ba ka wannan sai a kira masa 'yan unguwa. Abu Salim yana tuƙi yana ba da labari, Anti tana juya mana. Ya ce kafin fetur da gas, mutanen bakin teku nutso suke yi su ɗebo lu'ulu'u, su kuma nasu mutanen suna bin ruwan sama da raƙuma, inda ciyawa ta fito nan ne gida. Ya ce yana yaro ya yi tafiyar da ƙafa. Yanzu 'ya'yansa suna ofis mai sanyi, in ya ce su zo sahara sai su tambaye shi ko akwai sabis.

Na fara sakin jiki. Har dariya na yi.

Sai kwalta ta ƙare. Ba a hankali ba, kai tsaye, kamar an yanke ta da wuƙa. Gaba tuddan yashi ne iyakar gani. Muka ɗan shiga ciki, motocin biyu suka tsaya a wani kwari. Iska ta taso tana watsa yashi. Abu Salim ya fita, direban gaba ma ya fita, ƙaninsa ne. Suka ja ƙyallayensu suka naɗe fuska saboda yashin, sai ido. Anti da Hajara sun juya baya suna ɗaukar hoto ta taga. Ni ina kallon madubi. Na ga Abu Salim ya zaro wani ɗan ƙarfe daga aljihu, ya tsuguna a gindin tayar baya, ta gefena.

Sai na ji hucin.

Motar ta fara durƙusawa ta gefena a hankali.

Ban yi tunani ba, kada ku tambaye ni me na yi tunani. Na ji muryar Yaya Sani sarai kamar yana kujerar. Na buɗe ɗaya ƙofar na tsallake cinyar Hajara na fita. Na ji tana cewa, "Kai, ina za ka?" don ita kowa "kai" ne a wurinta. Na hau tudun yashi da hannu da ƙafa, na gangara bayansa, na hau wani. Ban waiwaya ba sai can, kuma ko da na waiwaya ba mota, ba mutum, ba ƙara. Na ci gaba.

A gida in ka gudu akwai inda za ka: gona, rafi, hayaƙin wani ƙauye. Nan duk inda ka juya tudu ɗaya ne aka maimaita. Yashin yana haɗiye ƙafa har idon sawu. Takalmina ɗaya ya zame ban tsaya ba. Wayata tana mota, ruwa yana mota. Lokacin sanyinsu ne, amma da rana ta ɗaga sai maƙogwarona ya bushe kamar na haɗiyi gari. Da ƙafafuna suka ƙi, na zauna a gindin wani tudu. Nan hankalina ya fara dawowa, kuma dawowarsa ta fi tafiyarsa ciwo. Na duba sawuna don in bi in koma, na ga iska tana share shi a gabana. Na ce shi ke nan, na gudo daga hanyar Funtuwa na zo in mutu a inda Inna ba za ta ga ko kabarina ba.

Ban san tsawon zaman da na yi ba. Na dai ɗaga kai na ga mutum a kan tudu, shi kaɗai, da ƙafa. Na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ƙi.

Bai sauko wurina ba. Yana ganina ya tsaya, ya warware ƙyallen daga fuskarsa, ya cire shi gaba ɗaya ya riƙe a hannu, kansa a buɗe, furfura da sanƙo. Daga baya Anti ta gaya mini dattijo irinsa ba ya buɗe kai gaban baƙi. Ya gangaro rabin tudun, ya ajiye gorar ruwa a kan yashi, ya ajiye takalmina kusa da ita, ya koma baya da nisa ya zauna, ya ba ni gefe yana kallon wani wuri kamar ya zo shan iska. Can sai ya fara wani ɗan waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa, irin wanda na ji daga baya yana yi wa raƙumansa.

Na ja jiki na ɗauki ruwan. Na sa takalmin.

Muna nan zaune, shi can ni nan, har Anti Rifkatu ta ɓullo a kan tudun tana haki, ɗankwali a hannu, Hajara tana turo ta daga baya. Anti ta faɗo kaina tana kuka tana faɗa. "Yesu! Zuwaira, kashe ni za ki yi? Me zan gaya wa uwarki?" Hajara ta zube a gefe ta ce, "Chale, da Ghana ta sa ka a gaba, da mun ci kofin nan."

A nan, a gindin tudun, na faɗi zancen tayar. Karo na farko da bakina ya furta shi. Anti ta juya wa Abu Salim da Larabci. Ya ce tun daga sawuna ya san ba yawo na fita ba. Taku ne mai nisa, yatsu sun nutse, kuma na yar da takalmi ban koma ba. Ya ce mai irin wannan gudun ba a bin sa da mota, ba a kuma kiran sunansa, ƙara gudu zai yi. Shi ya sa ya hana ƙaninsa tayar da jif, ya biyo ni da ƙafa kafin iska ta gama share sawun. Sannan ya ce a ba ni haƙuri. Ya saba gaya wa baƙi kafin ya taɓa taya, yau iska ta sa shi gaggawa.

Ashe haka ake yi. Duk motar da za ta shiga yashi sai an rage mata iska, tayar ta yi laushi ta baje, in ba haka ba nutsewa za ta yi. Kowane yaro a Qatar ya san wannan. Ni kaɗai ce ban sani ba.

Da muka koma, 'yan Filifin suka tafa mini kamar na ci gasa, kunya ta kusa kashe ni. Saura taya ɗaya ba a rage ba. Abu Salim ya miƙo mini ɗan ƙarfen a tafin hannunsa, ya nuna mini tayar. Na girgiza kai. Bai janye hannun ba, bai kuma matsa mini ba. Anti ta ce, "In ba ki so, a bari." Na karɓa. Na tsuguna, na kai ƙarfen bakin tayar. Na danna. Hucin ya fito, iskar mai ɗumi tana bugun yatsuna, tana warin roba. Na saki, ya tsaya. Na sake dannawa, ya dawo. Na saki, ya tsaya. Hawaye yana zuba, amma na yi ta yi har ya ce, "Khalas."

Abin da ya biyo baya, wato hawa da gangara a kan tuddai, ba zan iya kwatanta muku ba. Motar takan hau har sai sama kawai kake gani, sannan ta sulale ta gefe. Hajara mai bakin nan ta koma salati, Anti tana kiran Yesu, ni da na gama tsorona tun da safe sai na sami kaina ina dariya. Abu Salim kuwa da hannu ɗaya yake tuƙi.

Da la'asar muka isa inda teku ya shigo cikin sahara. Ruwa shuɗi kwance tsakanin tuddai, ba gida ba bishiya. Abu Salim ya nuna tsallake ya ce wancan Saudiyya ce. Ba shinge, ba jami'i, ba mai cewa kawo fasfo. Ya ce kakanninsa ba su san nan ƙasa kaza ba ce can ƙasa kaza, rijiyoyi kawai suka sani da sunan masu su. Hajara ta tattare zani ta ce tunda abin kusa ne bari ta yi iyo ta yi Umara ta dawo. Muka yi alwala da ruwan gora muka yi salla a kan yashi, Anti tana zaune tana tsare mana jakunkuna.

Masaukin tanti ne baƙi na gashin akuya, an shimfiɗa darduma da matasai ja. Matarsa, Ummu Salim, ita ta karɓe mu a ɓangaren mata. Tsohuwa ce mai ƙarfe-ƙarfen zinariya a fuska irin na matan da, hannunta duk lalle. An riga an ba ta labarina, don tana ganina ta kama kaina ta sumbaci goshina tana ta magana. Ta zaunar da ni kusa da ita ta ɗauko butar gahawa.

Gahawarsu ba baƙa ba ce, ruwan ɗorawa ce, ɗaci da ƙamshi, ana zuba ɗan kaɗan a ƙaramin kofi marar hannu, a haɗa da dabino. Ku kun san tarbiyyarmu, babba ya ba ka abu ka shanye ka miƙa kwano da godiya. Na shanye na miƙa. Ta sake zubawa. Na shanye na miƙa. Ta sake. Ina ta sha, cikina yana kuka, ita tana ta murna ta sami baƙuwa mai son gahawarta. Anti tana gefe tana danne dariya har ta ƙware. Sai da ta ga idona ya fara juyawa ta ce, "Girgiza kofin, 'yar nan! In ba ki girgiza ba har gobe za ta yi ta zubawa." Na girgiza. Ummu Salim ta tuntsire da dariya har ƙarfen fuskarta yana motsi. Sannan ta faɗi wata magana tana dafa gwiwata. Anti ta ce, "Ta ce a wurinsu wanda ya sha gahawar gida ya shiga amanar gidan, ba mai taɓa shi. Ke kuwa da kika sha rabin buta, har jikokinki sun shiga."

Aka kawo shinkafa da naman rago a faranti ɗaya babba, da gurasar da aka gasa a toka aka kakkaɓe, da nonon raƙumi mai kumfa, ɗan gishiri-gishiri. Da hannu ake ci, a dunƙula kamar tuwo. Na tuna Inna da ƙwaryar furarta. Na yi barci a tantin nan irin wanda rabona da shi tun kafin Funtuwa.

Da safe, a bakin kwalta, aka tsaya mayar wa tayoyi iska. Wannan karon Abu Salim ya leƙo ta taga tukuna, fuskarsa a buɗe, ya ce da ni da Turancinsa guntu-guntu zai taɓa taya. Na ce to. A hanyar komawa na kira Inna na ce ta sa a gyara mini ɗaki.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na warke ba. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na zabura, kun ma gani da idonku ranar sunan nan da muka je tare. Kuma ina kewarsu, kewar da ban zata ba: tuwon Anti ranar hutu, surutun Hajara a kan kwandon wanki, ɗan kofin karak da safe. Hajara ta koma Kumasi. Anti tana can, takan ce in ta bi ta kudu za ta gaishe mini da Ummu Salim. Ban san ko Abu Salim zai tuna ni ba, baƙi nawa yake ɗauka. Ko hotonsa ban yi ba.

Yaya Sani ne ya zo tarona a Kano, yana jan ƙafarsa. Muka shiga motar haya, ya ba ni gefen taga. Idona biyu na yi tafiyar. Mun wuce Funtuwa kaɗan direba ya ce tayar baya ba ta yi masa daidai ba, ya sauka gefen hanya wurin mai faci. Mai facin ya tsuguna ta gefena, ya danna bakin tayar don ya gwada.

Hucin ya fito. Hannuna ya kai kan marfin ƙofa kafin in sani. Yaya Sani ma na ji ya sandare, ashe ba ni kaɗai na taho da ƙarar nan ba. Muka kalli juna. Na cire hannuna daga ƙofar na ɗora a kan nasa.

Na ce, "Yaya, zai saki. Yanzu zai tsaya."

Mai facin ya saki, ya tsaya.